Rahoton Ayyukan Shekara Ga 'Yan Ƙungiyarmu Ta Masu Sana'ar Rama a Legas

Assalamu alaikum, iyayen ƙungiya, shugabanni da sauran 'yan uwa.

Kamar kullum, mun yi tarukanmu na wata-wata a Agege, an tara kuɗin ƙungiya, an kuma tallafa wa iyalan waɗanda Allah Ya yi wa rasuwa. Allah Ya jiƙansu.

Babban aikin bana shi ne neman wa rama sabuwar kasuwa bayan ta igiya da buhu. Tun da gwamnatin Legas ta hana amfani da farin mazubin abinci na soso a watan Janairun 2024, masu sarrafa roba suka fara cigiyar abin da zai rage musu yawan robar da suke zubawa. Dama kamfanonin mota irin su Toyota sun daɗe suna cuɗa zaren rama da roba wajen yin allunan cikin ƙofa, don yana ƙara ƙarfi, ga shi bai kai zaren gilashi nauyi ba.

Mun kai samfur wata masana'anta a Ikeja, muka tsaya aka yi gwajin a gabanmu. Aka daddatsa zaren, aka wanke shi da sodar sabulu don robar ta kama shi da kyau, sannan aka cuɗa da irin robar kujera da bokiti. Wutar ma da ƙa'ida, domin da zarar ta haura digiri 200 zaren zai fara ƙonewa. Allon farko ya fito sumul. Na biyu kuwa duk ƙuraje, da aka karya shi sai ga ƙananan ramuka a ciki. Ashe buhun zaren da aka yi allo na biyun da shi ya kwana biyu a shago da damina, zaren ya sha danshi, danshin ya koma tururi a cikin injin.

Nan ne gizo ke saƙar, 'yan uwa. Rama tana barin Arewa a bushe ƙarau, iskar Legas ce ke ɓata ta. A ganina, muddin ba mu da rumbu mai katako a ƙasa da leda ta naɗe kaya, gara kada mu ɗauki alkawarin kowa.

Batun zaren ɓawon kwakwa na Badagry don haɗawa da soson katifa yana matakin tattaunawa.

Kwamiti na neman amincewarku a kama hayar rumbun, a kuma kai samfur cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi a auna ƙarfinsa. Za a kaɗa ƙuri'a a taro mai zuwa, in Allah Ya kai mu.

Sakataren ƙungiya