Hattara da borin jini bayan cin naman mus

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin 'yan'uwa da karatu ko aiki ya kai su Suwidin, Norwe, Finland, Kanada ko jihar Alaska ta Amurka kan wata larura da ba a cika gane ta da wuri ba, wato rashin jituwar jiki da dabbar mus. Ita ce mafi girma a dangin barewa, namijin yakan kai kilo 500, kuma a nan Suwidin farautarta a watannin Satumba da Oktoba babbar al'ada ce, don haka namanta da fatarta suna shiga gidaje da yawa.

Wasu gashinta ne da ɓurɓushin fatarta ke tayar musu da ciwo. Da sun taɓa ƙirgin ko sun tsaya inda ake fiɗa, sai atishawa, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, mai asma kuwa ƙirjinsa ya riƙe. Wannan ba ya ɓuya, domin nan take yake bayyana, kuma safar hannu, takunkumi, sauya tufafi da maganin da ke kwantar da ƙaiƙayi sukan wadatar.

Na naman ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani abokin aikina maharbi, wanda ya shekara da shekaru yana cin naman mus lafiya lau, ya ci shi da daddare ya kwanta, sai can tsakar dare ƙaiƙayin tafin hannu da na ƙafa ya tashe shi. Kafin ya ankara borin jini ya feso masa rudu-rudu daga wuya har ciki, leɓensa ya kumbura, cikinsa yana murɗawa. Washegari da na gan shi, fatar idonsa ba ta gama saɓewa ba, yana ta zargin sabon sabulun wanki. Sai da abin ya maimaita kansa, a karo na biyu har da jiri da sarƙewar numfashi, sannan gwajin jini ya nuna inda gizo ke saƙa.

Musabbabin wani nau'in sukari ne mai suna alfa-gal, wanda ke cikin naman dabbobi masu shayarwa amma babu shi a jikin ɗan Adam. Cizon kaska ne ke shigar da shi cikin fata, garkuwar jiki ta ɗauke shi a matsayin abokin gaba, daga nan in ya shigo ta abinci tana iya yi masa ca. Masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka ne suka bayyana wannan larura a shekarar 2009, daga baya kuma a Cibiyar Karolinska da ke Stockholm aka gano sukarin a cikin kaskar da ta fi yawa a dazuzzukan Turai. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkiri, domin alamomin sukan ɗauki awa 3 zuwa 6 kafin su fito, kuma ba kowane ci ne ke tayar da su ba. Wane ne zai tuna da abincin dare in ya farka ƙarfe biyu yana susa?

A ganina babban kuskure shi ne mutum ya ce ya bar mus shi ke nan. Sukarin yana cikin naman shanu, tumaki da barewa, ya fi yawa a kayan ciki kamar ƙoda, wasu ma madara da jelatin na cikin alewa da kwanson magani suna taɓa su. Kaza da kifi ba su da shi. Likitan da ya duba sakamakon gwajin ne zai faɗa wa mutum iyakar abin da zai ƙaurace wa.

Wanda aka tabbatar yana da larurar, musamman in ta taɓa shafar numfashinsa, ya roƙi likita ya rubuta masa allurar adirenalin ta tafi-da-gidanka, ya kuma koya wa iyalinsa yadda ake soka ta a gefen cinya. Idan maƙogwaro ya fara kumbura, murya ta dushe ko jiri ya kama, a yi allurar nan take, a kira 112 a Turai ko 911 a Amurka da Kanada, domin ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta iya wannan aiki, kuma ciwon yana iya dawowa bayan ya lafa.

Sabon cizon kaska yana ƙara rura larurar. Mai shiga daji ya sa dogon wando ya cusa ƙafarsa cikin safa, ya duba hamata da bayan gwiwa in ya dawo, in ya ga kaska ya kama ta da matsefata daf da fata ya zare ta a hankali. Abokin nawa har yanzu yana fita farauta, amma allurarsa tana aljihu, rabonsa na nama kuwa maƙwabta yake raba wa.

Naka,
Wani mai karatu daga Suwidin