A daina yaɓa wa dutsen murjani siminti

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikata.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffin gidajen bakin Bahar Maliya, wato Balad, tsohuwar unguwar nan ta Jidda, da Sawakin ta Sudan, don mu Hausawan da ke nan ba baƙi ba ne a wannan tarihin, da yawan kakanninmu da suka taho hajji a ƙafa ta Sawakin suka hau jirgin ruwa suka sauka Jidda. Balad kam ta yi sa'a, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2014 kuma gwamnati na zuba kuɗi a gyara, amma Sawakin tunda aka gina Port Sudan farkon ƙarni na 20 jirage suka koma can, gidajenta sai zubewa suke, wlh abin na ci min rai.

Duka biyun da dutsen murjani aka gina su, wanda ake ce wa mangabi a nan, dutsen teku ne mai ramuka ramuka, yana shan danshi da gishirin teku, in ka shafa tsohon bango sai gari ya biyo tafin hannunka. To mai gida in ya ga haka sai ya kira magini a yaɓe da siminti a bi da fenti, shi kenan a ganinsa an gyara. Nan fa aka kashe ginin, don danshin ya rasa hanyar fita, gishiri ya taru a bayan yaɓen, bayan 'yan shekaru sai ka ga ya kumbura ya faɗo tare da fuskar dutsen, na sha ganin haka da idona.

Alhali akwai dabarar da ta dace da shi. Masana kimiyya a Jami'ar Florence ta Italiya, ƙarƙashin Farfesa Piero Baglioni, wajen shekarar 2000 suka fito da farar ƙasa ta nano, nurar nan dai da magina suka sani ce amma an mai da ƙwayoyinta ƙanana sosai, nanomita ɗaya fa mita ce aka kasa gida biliyan, kaurin silin gashi ya kai kamar nanomita 80,000. A cikin sifirit ake jiƙa ta, a ɗora siririyar takarda kan bango a shafa da burushi ko a ɗura da sirinji, sai ta kutsa cikin ramukan, sifirit ya bushe, ita kuma ta haɗu da iskar kabon da ke yawo ta daskare ta koma ainihin sinadarin da shi kansa murjanin yake da shi. Kenan ba baƙon abu aka cusa masa ba, kuma bangon zai ci gaba da numfashi. Ruwan nura na gargajiya ma yana wannan aikin amma ko giram 2 ba ya narkewa a lita guda, sai an yi ta jiƙa bango ana tada gishiri kafin a ga amfani. An yi aiki da ta nano a zanen bangon mutanen Maya a Kalakmul ta Meziko, wurin da danshi ya yi yawa.

Ban ce tana tada bangon da ya riga ya rushe ba fa, kuma dole a fara tsotse gishirin tukuna, in aka cika ta sai ta bar farin hazo a fuska, ga tsada. Ginin ƙasa irin na Turaif a Dir'iyya kusa da Riyad ko ganuwar Kano shi ma maganarsa daban ce.

Roƙona ga yaranmu masu karatun kemistiri da injiniya a nan Saudiyya da Sudan, ku leƙa wannan fannin, ku kuma zauna da tsofaffin maginan da suka san haɗa nura da jera katako tsakanin duwatsu tun suna raye. Masu tsofaffin gidaje kuma dan Allah kafin a buɗe buhun siminti a nemi mai ilimin abin ya duba bangon.

Wassalam,
Mai karatunku daga Jidda