Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bob Nutting, Mai Ƙungiyar Pittsburgh Pirates

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ka murnar lambar yabo ta Cy Young, wadda ake ba gwarzon mai jifa a wasan besbol, da Paul Skenes ya samu a wannan wata na Nuwamba 2025, wadda masu zaɓe talatin suka ba shi baki ɗaya ba tare da ko mutum guda ya saɓa ba. In ban da Vern Law a 1960 da Doug Drabek a 1990, babu wani mai jifa na Pirates da ya taɓa samun wannan daraja. Iyakar taya murnar ke nan, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ƙungiyarka take ɓarnatar da ƙuruciyar wannan yaro a kan idon kowa.

Ka san alƙaluman, amma bari in jera maka su kusa da juna, wataƙila ba a taɓa ajiye maka su haka a kan tebur ba. Skenes ya buɗe wasa 32 a kakar bana, ya kori masu bugu 216, kuma matsakaicin makin da aka ci a kansa a kowane zango tara bai wuce 1.97 ba. Duk wanda ya san besbol ya san cewa mai jifa irin wannan ya kamata ya gama kaka da nasarori goma sha bakwai ko fiye. Shi kuwa da nasara 10 da rashin nasara 10 ya tashi. A ranar 18 ga Mayu a Philadelphia, ya jefa wasan daga farko har ƙarshe shi kaɗai, maki ɗaya tak ya bari aka ci, amma aka tashi 1 da 0 an doke mu, saboda mutum tara da ka sa a jerin masu bugu sun kasa kawo ko mutum ɗaya gida. Irin wannan rana ta maimaita kanta har muka daina mamaki, muka koma jin kunya a madadinka.

Ba Skenes kaɗai aka yi wa haka ba. Masu jifanmu gaba ɗaya sun sauke nauyin da ke kansu, har sun fi na kowace ƙungiya yawan wasannin da suka hana abokin karawa cin ko maki guda, kuma sun yi hakan ne ba tare da Jared Jones ba, wanda aikin tiyata a gwiwar hannu ya raba shi da kakar ɗungurungum. Mitch Keller ya ɗauki zanguna masu yawa kamar yadda ya saba, Bubba Chandler ya shigo a watan Agusta ya nuna cewa yabon da ake yi masa ba na banza ba ne. Amma a ɗaya ɓangaren, cikin ƙungiyoyi 30 na babban rukuni, Pirates ce ta ƙarshe a yawan maki da 583, ita ce kuma ta ƙarshe a bugun da ke tsallake katanga da 117. Cal Raleigh na Seattle shi kaɗai ya buga 60, wato mutum ɗaya ya yi fiye da rabin abin da ƙungiyarka duka ta yi a wasa 162. Gwaninmu a wannan fanni, Oneil Cruz, a 20 ya tsaya. Da haka muka gama da nasara 71 da rashin nasara 91, a ƙasan rukuninmu, shekara goma cif rabonmu da shiga zagayen neman kofi.

Wannan bai zo wa kowa da ba-zata ba. Tun ƙarshen kakar 2024, lokacin da Skenes ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa, yaro ƙarami a Pittsburgh ya san cewa masu bugu ne matsalar. Me aka sayo a hunturun da ya biyo baya? An yi musaya aka kawo Spencer Horwitz, wanda ya fara kakar da jinyar wuyan hannu, sannan aka ɗauki Tommy Pham da Adam Frazier a kan kwantiragin shekara ɗai-ɗai. Ba na raina mutanen nan, kowannensu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma su 'yan cike gurbi ne, kuma an kawo su ne a lokacin da ake buƙatar ginshiƙai. Zuwa Nuwamba 2025, rabon Pirates da ta ba wani ɗan wasa daga kasuwa, wato wanda ba ya hannun kowace ƙungiya, kwantiragin da ya wuce shekara ɗaya tun Disamba 2016, lokacin da aka ba Iván Nova dala miliyan 26 na shekara uku. Mafi girman abin da ka taɓa biya a kasuwar nan shi ne dala miliyan 39 na Francisco Liriano a ƙarshen 2014. Shekara tara ke nan kana shiga kasuwa kana fitowa da abin da aka rage bayan kowa ya gama saye, sa'an nan a tara 'yan jarida a gaya mana cewa an samo 'yan wasan da za su ba mu mamaki.

Yallaɓai, ka tuna abin da aka yi da mu a ƙarshen 2019. Ka sallami koci Clint Hurdle, ka sallami babban manaja Neal Huntington, shugaban ƙungiya Frank Coonelly ma ya tafi, ka kawo Ben Cherington a matsayin babban manaja da Derek Shelton a matsayin koci, aka roƙe mu haƙuri a kan cewa za a tara matasa tukuna, idan sun nuna sai a zuba kuɗi a kewaye da su. Muka yi haƙurin. Muka ga an sayar da Starling Marte, da Josh Bell, da Joe Musgrove, da Jameson Taillon. Musgrove ko wata uku bai yi da barin mu ba ya jefa wasan da ba a samu ko bugu ɗaya a kansa ba, irinsa na farko a tarihin San Diego, mu kuma muka yi tafi daga nesa. Muka haɗiye rashin nasara 101 a 2021, da 100 a 2022, muna gaya wa juna cewa wuya ce ta ɗan lokaci. Aka ci wasa 76 a 2023, aka sake cin 76 a 2024, bana kuma aka koma baya zuwa 71. To ga matasan sun nuna, har ɗaya daga cikinsu ya zama mafi gwanintar mai jifa a rukuninsa. Ina kuɗin da aka ce za a zuba? A watan Mayu, da ƙungiyar ta fara kaka da nasara 12 a wasa 38, Shelton aka kora aka ɗora Don Kelly, kamar dai Shelton ne ya hana a buɗe asusu. Mutumin da ya tsara jerin masu bugun yana nan a kujerarsa, mai riƙe da makullin asusun kuwa ba a ma zancen taɓa shi.

Abin da ke hana mu barci shi ne mun taɓa ganin wannan labari da wani suna. Gerrit Cole shi ma zaɓin farko ne a ƙasa baki ɗaya, a 2011, kamar yadda Skenes ya zama a 2023. Ya ci wasa 19 a 2015, shekarar da Pirates ta yi nasara 98, ta zama ta biyu a duk faɗin besbol kafin Jake Arrieta na Cubs ya fitar da mu a wasa guda. Mai hankali zai ce wannan ne lokacin ƙara ƙarfi. Maimakon haka aka bar J.A. Happ ya tafi, aka musanya Neil Walker, ɗan asalin garin, da Jon Niese, aka saki Pedro Álvarez, shekara ta zagayo aka faɗo zuwa nasara 78. A Janairun 2018 aka miƙa Cole ga Houston alhali saura shekara biyu a hannunmu, kwana biyu bayan haka aka miƙa Andrew McCutchen ga San Francisco. Cole ya kori masu bugu 326 a 2019, Yankees suka ba shi dala miliyan 324, ya kuma ɗauki Cy Young a 2023. Sau ɗaya da aka yi yunƙurin saye a wancan zamani, a ƙarshen Yulin 2018, sai aka ba Tampa Bay Tyler Glasnow da Austin Meadows da Shane Baz domin a karɓo Chris Archer, musayar da har yau ake ba da misali da ita idan ana zancen mugun ciniki. Glasnow yanzu yana cikin Dodgers da suka ɗauki World Series, wato babban kofin besbol, sau biyu a jere. Mun zama makiyayan da ke rainon maraƙi da fari da damina, da zarar ta fara ba da nono sai a kora ta garken wani.

Na san amsar da za ka bayar, domin tun 2007 da ka karɓi ragamar ƙungiyar muke jin ta, wato Pittsburgh ƙaramar kasuwa ce, ba za ta iya gogayya da New York ko Los Angeles ba. Babu wanda ya ce ka yi gogayya da su. Ka dubi Milwaukee, wadda ke rukuni ɗaya da mu, wadda kasuwarta ba ta fi tamu girma ba. Brewers sun ci wasa 97 a bana, sun fi kowa a duk babban rukuni, kuma karo na uku ke nan a jere suna ɗaukar kambun rukuninmu, kambun da rabon Pirates da irinsa tun 1992. Su ma suna sayar da taurari, sun rabu da Josh Hader da Corbin Burnes da Devin Williams, amma abin da suke karɓa a madadi yana shiga fili ya yi aiki, kuma sun ɗaure Christian Yelich da dogon kwantiragi, sun ba Jackson Chourio dala miliyan 82 tun bai buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba. Ban manta ba cewa kai ma ka tsawaita wa Bryan Reynolds da Keller, kuma an yaba maka a lokacin, sai dai jimillar albashin ƙungiyar a kakar 2025 bai kai dala miliyan 100 ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a ƙasar. Kana karɓar kaso daga kuɗin da manyan ƙungiyoyi ke raba wa ƙanana, kuɗin da aka tanada musamman domin inganta wasa a fili, kuma ka tuna cewa ƙungiyar 'yan wasa ta shigar da ƙorafi a 2018 a kan yadda Pirates da wasu ƙungiyoyi uku ke kashe shi. Filin PNC Park da kake wasa a ciki tun 2001, yawancin kuɗin gininsa daga aljihun jama'a ya fito, darajar ƙungiyar kuwa masu ƙiyasi sun daɗe da sa ta sama da dala biliyan ɗaya. Idan wannan ne talauci, to Allah Ya ba kowa irinsa.

A ƙarshen Yulin bana an sake buɗe rumfa. David Bednar, ɗan yankin Pittsburgh da ya rufe mana wasanni shekara da shekaru, an tura shi Yankees. Ke'Bryan Hayes, wanda aka ba kwantiragin shekara takwas a 2022 aka ce shi ne harsashin gini, an tura shi Cincinnati, abokiyar hamayyarmu a rukuni, wadda ta shiga zagayen neman kofi da nasara 83 kacal. Ba zan yi kukan sandar Hayes ba, domin bugunsa ya yi sanyi ƙwarai, ko da yake babu kamarsa wajen tsaron tasha ta uku. Tambayata ita ce ina kuɗin da aka sauke daga kansa za su tafi. Muna da dalilin yin wannan tambaya, domin ƙungiyar da ta saki Rowdy Tellez a Satumbar 2024 saura tsayuwa huɗu a wurin bugu ya cancanci ladan dala 200,000, ta koya mana yadda take lissafi.

Sauran abubuwan ba zan tsawaita a kansu ba. An cire alamar marigayi Roberto Clemente, tsohon gwarzon Pirates, daga katangar dama a watan Afrilu aka liƙa tallan abin sha, sai da iyalinsa da jama'a suka yi ca sannan aka mayar. Tubalan da magoya baya suka biya kuɗi aka rubuta sunayen iyayensu da 'ya'yansu a kai, a wurin tara shara aka tsince su. Ka ji abin da ake rerawa a filin tun ranar buɗe kaka, cewa ka sayar da ƙungiyar, kuma ka ga jirgin da ya ja kyalle mai ɗauke da saƙo iri ɗaya a sama.

Don Allah, Yallaɓai, ka dubi kalanda. Saboda lambar da ya ci a 2024, an ƙirga wa Skenes cikakkiyar shekara, don haka kakar 2029 ce ta ƙarshe da yake hannunka. Kaka huɗu ke nan, kuma a ta farkonsu albashinsa na asali zai kasance ɗan kaɗan ne idan aka gwada da darajarsa, kafin a fara zaman sasanta albashi ya yi ta hawa. Babu lokacin da sayen masu bugu zai fi maka sauƙi kamar yanzu, lokacin da gwarzon masu jifa da yawancin abokan aikinsa ba sa cin komai daga asusu. Kada a ce mu jira Konnor Griffin, yaron da bai cika shekara ashirin ba a Nuwamba 2025, domin haka aka ce mu jira Henry Davis da aka zaɓa na farko a 2021, kuma har yanzu sandarsa ba ta kai inda aka zata ba. Griffin zai zo idan lokacinsa ya yi, amma bai kamata a ɗora masa nauyin da mai ƙungiya ya ƙi ɗauka ba.

Abin da nake nema a wannan hunturu a fili yake. Ka ba Cherington izini da kuɗi ya ɗauko aƙalla masu bugu biyu na gaske, waɗanda za su tsaya a tsakiyar jeri, a kan kwantiragin shekaru, ko da farashin ya wuce na Liriano ninki biyu ko uku. Idan za a yi musaya da ɗaya daga cikin masu jifa, tunda a nan muke da rara, to a karɓo wanda zai buga wasa a watan Afrilu mai zuwa, kada a karɓo yaran da za a jira su har 2029. Ka kuma fito da bakinka, ba ta bakin ma'aikaci ba, ka faɗa wa mutanen Pittsburgh cewa Skenes ba na sayarwa ba ne, sannan ka zauna da wakilinsa ka miƙa tayin da ba za a ji kunyar bayyana shi ba. Idan kuwa ka duba asusunka ka ga ba za ka iya ba, ko ka duba zuciyarka ka ga ba ka so, to ka sa ƙungiyar a kasuwa kafin a buɗe sansanin horo na Bradenton a watan Fabrairu, domin masu saye ba za su yi wuyar samu ba.

Naka,
Wani mai goyon bayan Pirates