Ba kowane ɗaurewar ciki ba ne basir

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu in taɓo abin da yawancinmu ke jin nauyin ambata, wato ɗaurewar ciki. Abin da ya sami kawuna ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu tela ne, ya haura shekara 60. Tun tasowata na san shi da ɗaukar buta bayan sallar asuba, ya zaga sau ɗaya, shi ke nan sai gobe. Bara sai abu ya canza. Yakan kwana huɗu ko biyar bai zaga ba, in kuwa ya shiga sai ya shafe rabin awa, ya fito yana gumi. Kowa ya ce basir ne, zaman keke ne ya jawo masa. Aka jiƙa filasko, aka kawo tsamiya, daga nan aka koma kan gorunan nan na masu lasifika a bakin kasuwa. In ya sha ciki ya murɗa, ya wuni yana zawo, a ce alhamdulillahi datti ya fita. Bayan kwana uku a koma gidan jiya. Wata takwas ana wannan.

Ran nan na shiga shagonsa na tarar yana rage ƙugun wando. Na ce, "Kawu, na wa kuke ragewa?" Ya ce, "Nawa ne, ɗan nan, duk sun yi mini yawa." Sai a lokacin na kalli wuyansa da kyau, na ga yadda ya zube. Da na matsa masa, ya sunkuyar da kai ya ce ai ya daɗe yana ganin jini. Ko matarsa bai gaya wa ba.

A asibiti gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa sosai. Aka zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta dubura, aka ga ƙari ya kusa toshe babban hanji. Ciwon daji ne. Likitar ba ta yi mana faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Tun yaushe?" Muka yi tsuru-tsuru.

Ba ina cewa duk wanda cikinsa ya ɗaure daji ne da shi ba, Allah ya kiyaye. Galibi dalilin bai wuce ƙarancin ruwa da ganye ba, da yawan zama, da riƙe bayan gida don ƙyamar masai na tasha ko na makaranta. Mun bar zogale da rama da wake da gwanda mun rungumi farar shinkafa da burodi da taliya, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum. Magunguna ma na jawo shi: ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, da tramadol, da kodin ɗin nan da gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa a maganin tari a 2018. Ciwon suga ma yakan sa hanji ya yi kasala.

Amma akwai iyaka. Wanda ba ya zagawa sau 3 a mako, ko sai da nishi da ƙyar, kuma ya gyara cimarsa makonni sun shuɗe ba sauƙi, maganarsa ta bar hannun mai gora. Wanda ya ga jini kuwa, ja ne ko baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa ba dalili, ko jiri da haki sun dame shi, wannan ba shi da abin jira. Haka dattijon da tsarin zagawarsa ya sauya rana tsaka, da wanda daji na hanji ya taɓa kama wani a gidansu. A Amurka tun 2021 suka mayar da shekarun fara duba hanji zuwa 45, ko mutum lafiyarsa ƙalau. Mu nan sai mun ga jini, mu kuma raɗa masa suna basir. Basir ɗin gaskiya ne, yana kuma zubar da jini, sai dai ba a rarrabe shi da wanin sa daga bayan mota da lasifika. Sai an duba.

In ciki ya kumbura, ana amai, ko tusa ba ta fita, a daren nan za a tafi asibiti, kada a ɗura wa mutum maganin wankin ciki. Jaririn da ya kwana biyu bai yi kashin farko ba shi ma asibiti ne, ba jiƙo ba.

Roƙona gare ku, Edita, ku nemo likitan hanji ya yi mana bayani da Hausa ƙarara, ba kwana-kwana. Ku kuma riƙa tantance tallan da ke cewa gora ɗaya na maganin basir da sanyi da shawara da taifot.

An yi wa Kawu aiki, yanzu yana zuwa karɓar allurai, muna barar addu'arku. Da muka je kwashe kayan shagonsa na ƙirga gorunan da ke ƙarƙashin keken, guda 14, wasu ko buɗe su bai yi ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya