Zuwa ga 'yata mai jinyar fursunoni

Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na samu saƙonki cewa an tura ki asibitin gidan yari. Mahaifiyarki ta shiga damuwa, ni kuwa na yi miki murna, domin jinya ta fi lada inda babu mai son zuwa.

Kada ki tambayi mara lafiya laifin da ya kawo shi. Mafi yawan waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, kotu ba ta ma same su da laifi ba. Wanda aka yanke wa hukunci kuma, 'yancin walwala alƙali ya karɓe masa, bai karɓe haƙƙinsa na magani ba.

Inda nake jiye miki shi ne tsakaninki da gandirobobi. Abokan aikinki ne, makulli yana hannunsu, kuma su ne za su kare ki ranar tarzoma, don haka ki girmama su. To amma wata rana babba zai ce wane lambo yake yi, a mayar da shi ɗaki, ko ya nemi ki sa hannu cewa jikin wane zai jure horo. Ki auna shi da kanki, ki rubuta abin da idonki ya gani. Ƙa'idojin Nelson Mandela na kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun hana ma'aikacin lafiya sa hannu a hukunta fursuna, sun hana wanda ba jami'in lafiya ba soke shawarar magani, sun kuma ce in kin ga alamar azabtarwa ki rubuta, ki kai rahoto. Faɗa da baki yana da sauƙi, na sani, ga ki ƙaramar ma'aikaciya. Duk da haka, sunanki ne a takardar.

Sirrin mai cutar ƙanjamau amana ne. In ya fita, zaman ɗaki zai gagare shi. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, ki aika majina gwaji, don tarin fuka yana saurin yaɗuwa a cunkoso. Ke ma ki riƙa sa takunkumi.

Tausayinki na san shi tun kina yarinya, kuma za a gwada ki ta nan. Kada ki shigar wa kowa da waya, kuɗi ko saƙo, komai kukansa. Tiramol da makamantansa ki ƙirga, ki kulle.

In abin ya yi miki nauyi, ki kira ni ko da tsakar dare ne. Ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki