Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hissein Brahim Taha: tukwanen Adre na jiran kuɗin Jidda

Mai girma Sakatare Janar na ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi ta OIC, assalamu alaikum. Allah ya ƙara lafiya. Ka yi mini afuwa da gajeriyar gaisuwa, zancen yunwa ne ya kawo ni.

Ba ni zan kwatanta maka Adre, garin Cadi da ke kan iyaka da Sudan, ba, ranka ya daɗe. A Abeche aka haife ka, ka riƙe ministan harkokin wajen Cadi, ka san hanyar da ta miƙe gabas har bakin iyaka, ka san daga Adre zuwa El-Geneina ta Sudan ba a kai kilomita 40 ba. Garin da mutanensa ba su wuce dubu 40 ba kafin yaƙin Sudan ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, shi ne ya wayi gari da baƙi fiye da dubu 200, akasarinsu 'yan ƙabilar Masalit da suka gudo da ƙafa bayan kisan gwamnan Darfur ta Yamma Khamis Abakar a watan Yunin shekarar.

Wa yake ciyar da wanda ya iso yau, kafin a rubuta sunansa, kafin ya samu katin rabon abinci? 'Yan gudun hijirar da suka riga shi zuwa ne. Mata su kafa murhu, samari su nemo itace da ruwa, a ɗora ƙatuwar tukunya ta asida ko adas ko balila, kowa ya zo da kwanonsa. Takiyya suke kiranta, suna ne da suka gada daga zawiyoyin Sufaye, aikin kuma suna ce masa nafir, wato gayya. Ba mai albashi a cikinsu. Kuɗin cefane daga 'yan uwa mazauna waje yake zuwa, ta manhajar tura kuɗi ta Bankak, yau a samu gobe a rasa. Haka abin yake a Tine, can arewa, inda mutanen El-Fasher suka riƙa ɓullowa bayan garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Oktoban 2025. Waɗannan mutane ne da suka yi wata 18 a kewaye, har suka koma cin ambaz, tunkuzar gyaɗar da ake ba dabbobi.

To ga abin da ya hana ni barci. Ran 26 ga Oktoban 2024 kun taru a Jidda, ku da cibiyar agaji ta Sarki Salman, domin 'yan gudun hijirar Sahel da yankin Tafkin Cadi. An yi alkawarin fiye da dala biliyan 1.1, Cadi kuma tana cikin ƙasashen da aka tara kuɗin dominsu. An tafa, an ɗauki hoto. Nawa ne daga ciki ya zama buhun dawa a gindin murhu a Adre? Nawa aka biya, nawa ya tsaya a baki? Kai ka yi jawabi a wurin, kai ya kamata ka fito da lissafin.

Na san amsar da ma'aikatanka za su shirya maka: ai waɗannan takiyyoyi ba su da rajista, ba su da asusun banki da sunan ƙungiya, ba su da mai binciken kuɗi. Madalla. Matar da ta tsallako da zane ɗaya da goyo, a ce sai ta kawo rahoton kuɗi na shekara uku kafin a ba ta man girki. Ita ta fi kowa sanin wanda bai ci ba tun jiya, amma kuɗin sai ya bi ta ofis huɗu, kowane ya gutsiri ladan gudanarwa, abin da ya rage ya iso bayan damina ta datse hanya.

Kuma kun ga abin da dogaro da wani yake jawowa. Da Amurka ta tsayar da tallafin USAID a Janairun 2025, ɗakunan agajin gaggawa na Sudan, wato ƙungiyoyin matasa 'yan sa kai, sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na takiyyoyinsu sun rufe. Sa hannun mutum ɗaya a Washington ya kashe wutar murhu sama da dubu. Ƙasashe 57 ne a ƙungiyarka, wasunsu sun fi kowa arziki a duniya, ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi nan kusa da ofishinka a Jidda, ga Asusun Zumuncin Musulunci tun 1974. Wallahi abin kunya ne a ce Turawan Norway da Sweden ne suka karrama waɗannan matasa da lambobin yabo a 2025.

Don Allah, Baba, ka tuna wace hanya ce wannan. Ta nan alhazan ƙafa daga Kano da Borno suka riƙa bi zuwa Makka, su ratsa Abeche da Adre da El-Geneina, mutanen Darfur suna sauke su suna ba su tuwo ba tare da tambayar takarda ba. Jikokin waɗanda suka sauke su ne a layin nan.

Zancen makaman da ake zargin wasu mambobinka da turawa, da yarjejeniyar da sojojin Sudan da RSF suka sa wa hannu a Jidda a Mayun 2023 da ba wanda ya mutunta, na bar su sai wani jiƙon.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinka ba. A ware ƙaramin asusu da zai riƙa biyan takiyyoyin nan kai tsaye duk wata, a karɓi shaidar kwamitinsu da ta shugabannin sansani a madadin rajista, a kuma wallafa abin da aka biya daga alkawarin Jidda, ƙasa bayan ƙasa. In ka je gida Abeche, ka ƙarasa Adre. Ka je da hantsi kafin a sauke tukunya, ka tsaya a ƙarshen layi, ka ga ko za ta kai kanka.

Wassalam.