Amsa ga Alhajin da ya kira aikina wasan yara

Assalamu alaikum Alhaji. A taron iyayen yara na ranar Alhamis nan Mai Wurno ta Sudan, kan gutsattsarin kwalba da nake koyar da yara da su, ka miƙe gaban jama'a ka ce wai ni ustazun kimiyya ne ko mai tsintar fasassun kwalabe a bola, in kawo masani ɗaya tak da ya taɓa irin wannan wasan yaran. Na yi shiru ne saboda furfurarka, amma wallahi kalmar nan ta ci min rai, shekara 19 ina riƙe da alli a garin nan kuma 'ya'yanka biyu ta hannuna suka wuce.

To ga sunan, Mikhail Lomonosov, ɗan masunci daga arewacin Rasha, haihuwar 1711. Shi ya gano a 1761 cewa Zara matar wata akwai iska kewaye da ita, da ƙoƙarinsa aka kafa jami'ar Mosko a 1755 har yau sunansa take amsawa, ga shi kuma shahararren mawaƙi. Abin da ba a cika sani ba shi ne mutumin nan shekaru ya yi gaban wuta yana narka gilashi, ya ƙara wannan sinadari ya rage wancan, gwaji dubbai, duk don ya samu launin da yake so, ya buɗe masana'anta a ƙauyen Ust-Ruditsa ana yanka gilashin ƙanana ƙanana ana jerawa har su zama hoto. Na yaƙin Poltava da aka gama a 1764 faɗinsa ya haura mita 6, yana nan a ginin cibiyar kimiyya ta San Fitasbag. Har waƙa ya yi kan amfanin gilashi a 1752.

Ni kuwa gutsattsarin kwalba kawai nake da su. Makon jiya wata yarinya ta ɗaga kore ta kalli rana ta ciki ta ce ustaz me ya sa ya yi kore, daga nan muka shiga maganar ƙarfe mai ba da kore, muka wuce sinadarin kobalt mai ba da shuɗi, har aka kira magariba ba wanda ya motsa.

Zancen gutsattsarin su yanki hannun yara kuwa, da dutse nake goge bakinsu tun a gida.

Kuma Alhaji kowa ya san ɗan ƙaninka ne ke neman ajin nan na la'asar ya yi darasin kuɗi. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 ɗakin gwajinmu ko kwalbar asid ɗaya babu, sau uku ina rubuto wa kwamitinku, wannan ba ka miƙe a kansa ba ranar Alhamis.